Ɗari Biyu da Saba'in da Uku da Baffa Ya Ɓoye

Taƙaitaccen bayanin al'amarin shi ne: ɗalibai biyu 'yan dangi ɗaya sun zauna jarrabawar shiga makarantar likitanci, malami ɗaya ne ya shirya su, kuma dukansu sun faɗi a takardar kemistiri da kuskure iri ɗaya. Hukumar jarrabawa ba ta ga abin bincike a ciki ba. Mu muna da shi.

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, malamin kemistiri, wanda ya sha ƙurar alli har ya yi ritaya. Yana da ƙane da ya fi shi kai tun suna yara. Allah ya yi wa ƙanen rasuwa, ya bar mata da 'ya guda. Malam ya yi kuka ranar jana'iza, kuma ba mu da hujjar cewa kukan na ƙarya ne.

Sai dai yarinyar ta gaji ƙwaƙwalwar ubanta, har dangi suka bar sunanta suka koma kiranta Likita. Shi kuwa ɗan Malam, Auta, ba wanda ya taɓa yi masa laƙabi da ko mai raba kati a asibiti. Duk lokacin da aka ce Likita, Malam yakan yi murmushi, wani abu kuma ya motsa a ƙirjinsa.

Da jarrabawa ta matso, uwar yarinyar ta kawo ta, ta ce ba ta da wanda ya fi shi. Malam ya karɓa hannu biyu. Ya ɗauko littafin tambayoyin gwaji, ya yage shafukan amsoshi na baya ya kulle a kabad, wai don kada lalaci ya shiga. Ya ba Likita safiya, ya ba Auta yamma.

Ku lura da tsarin aikin. A lissafin iskar gas, dole ne a ƙara ɗari biyu da saba'in da uku a kan digirin zafi kafin a fara komai. Wanda ya tsallake wannan, duk abin da ya biyo baya ɓata tawada ne. Malam ya koya wa Likita ta sa digirin yadda ya zo. Ya koya mata ta yi lissafin haɗin sinadarai ba tare da ta daidaita ɓangarorin biyu ba. Da ta ce a makaranta ba haka aka nuna musu ba, sai ya ce ai wancan tsohon tsari ne, hukuma ta sauya. Ya riƙa yi mata maki da jan biro, yana sa mata albarka.

Bai taɓa koyarwa da haƙuri irin na waɗannan safiyoyi ba. Ƙarya tana bukatar lallashi kafin ta zauna.

Da yamma kuwa gaskiya yake koyarwa, amma da tsawa. Daƙiƙi, kan kwakwa, wanda ko 'yar mace ta fi. Auta ba ya fita daga ɗakin da komai sai ƙarar kunne. Ina kuke zaton zai nufa? Wurin 'yar baffansa mana, wadda take zaunar da shi a bakin ƙofar kicin ta warware masa komai a hankali, kamar yadda aka warware mata.

Ranar jarrabawa yaran suka tsaya a layi a bakin get, Malam da uwar yarinyar suna gefe. Masu gadi suna laluben aljihu, ana kiran lambobi da lasifika. A nan Malam ya ji Auta yana bita a ƙasan murya: digiri yadda ya zo, ba a ƙara komai.

Ya kama hannun rigar yaron zai ja shi gefe, ya ce masa a kunne ya ƙara lambar nan.

Auta ya ce, da muryar da kowa ya ji, "Baba, ba ka ce wa Likita an sauya tsari ba?"

Yarinyar ta juyo. "Baffa, a ƙara ko kada a ƙara?"

Mutum uku ne suka rage a gabansu. Uwar tana kallon bakinsa.

Ya 'yan uwa, ga ƙofar tuba a buɗe, faɗinta kalma biyu: ku ƙara. Da ya faɗa, da ya ceci maki, ya ceci yara, ya ji kunyar yini ɗaya. Amma ya auna ɗansa da mutuncinsa, ya ga wanda ya fi nauyi a wurinsa.

Ya saki rigar. "Ku yi yadda na koya muku."

Suka yi.

Bayan sakamako ya fito, Likita ta ari wani littafin mai shafukansa cikakku, don ta ga inda ta kauce. Ba ta kauce ko'ina daga abin da Malam ya koya mata ba, koyarwar ce ta kauce. Auta kuma ya tuna cewa a ƙarƙashin tsawar yamma ana ƙara lambar, ya tuna raɗar bakin get. Suka haɗa biyun a gaban uwar. Ba a yi hayaniya ba. Matar ta je ta sami Malam, ta ce, "Yaya, da ka ce ba za ka iya ba, ai da na gode."

Wannan ita ce hassada. Ba ta shigowa da wuƙa. Da jan biro take zuwa, tana sa albarka. Wanda aka ba amanar maraya da amanar ilmi ya ci su tare, da wane baki zai yi bayani ranar da ba a yage shafin kowa? Kuma wa ya gaya masa guba tana tsayawa a kofin da aka zuba ta?

Ga abin da aka kashe. Shekara ɗaya ta marainiya, wadda ta sake zaman jarrabawar ta ci, ba da hannunsa ba. Karatun Auta gaba ɗaya, don bai ƙara buɗe littafi ba, ya bar gidan, yana gaida ubansa ta bakin mutane. Ɗaliban unguwa da Malam yake koya wa a gida, waɗanda iyayensu suka janye ɗaya bayan ɗaya. Zumunci tsakanin gida biyu. Abin da ya rage masa: allo, kabad, da shafukan amsoshi, duka daidai.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashin abin da ya ba wani. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga sharrin hannunmu. Amin.