Manomin da Ya Ajiye Sifanarsa

Akwai wani manomi da gidansa ke bisa tudu, yana da babur guda. Kan babur ɗin nan, inda ake riƙewa a tuƙa, ƙusoshi masu haƙora ne suke ɗaure shi a jikin wani ƙarfe mai ramuka. Ramukan ma da nasu haƙoran a ciki.

Wata rana ya ji kan yana motsi a hannunsa, ya ɗauko sifana ya ɗaure. Kan ya sake kwancewa, ya ƙara ɗaurewa da ƙarfi. Mutumin nan kuwa Allah ya ba shi ƙarfi, haƙurin ne dai bai kai ƙarfin ba. Ya yi ta murɗawa har haƙoran ramukan suka cinye, ƙusoshi suka riƙa juyawa a banza. Ya cusa leda, ya cusa yankin gwangwani, ya naɗe da roba, yana cewa, "Ai ya kama." Bai kama ba.

Ana nan sai aka ji likitan ido ya zo asibitin gari, kuma ba zai daɗe ba. Mahaifin manomin kuwa yanar ido ta rufe masa gani, ya shekara da shekaru bai ga fuskar jikokinsa ba. Mota ba ta hawa tudun nan, sai babur. Manomin ya dubi gangaren, tsoro ya kama shi, gama ya san in kan ya zame a can, shi da tsohon kwazazzabo za su faɗa.

Sai ya tura babur da ƙafa har wurin makanike. Ya ce, "Ka ƙara ɗaure mini kawai."

Makaniken ya zaro leda da gwangwani, ya leƙa ramukan, ya ce, "Maigida, babu abin da ƙusa za ta kama. Sai na huda, na share sauran haƙoran, na yanka sababbi."

Manomin ya ce, "Haba! Ɗan abin da ya rage ma za ka cinye?"

Makaniken ya ce, "Shi ne yake ta ruɗin ka."

Manomin ya ajiye sifanarsa a ƙasa. Yana kallo aka huda ramukan, aka yanka sababbin haƙora, aka zura murɗaɗɗiyar waya mai tauri a ciki, wadda ta fi ƙarfen farko ƙarfi nesa ba kusa ba. Ƙusoshi suka shiga suka zauna daram.

Washegari manomin ya goya mahaifinsa. A tsakiyar gangare tayar gaba ta faɗa ramin da ruwa ya zaizaye. Babur ya yi tsalle, dukan nauyinsu ya dawo hannun manomin, amma kan ko gezau bai yi ba. Manomin ya ɗaga murya da murna, "Baba, ya riƙe! Ya riƙe!" Suka iske likitan, aka yi aikin. Ranar da suka hau tudu, tsohon ne ya fara hango jikokinsa a ƙofar gida, yana kiran kowa da sunansa.

Ma'anar wannan misali ita ce: kan babur shi ne zuciyar mutum, wadda take juya dukan rayuwarsa. Sifana ita ce ƙoƙarin kanmu. Sau nawa ka ce, "Daga yau na daina," ka ɗaure da ƙarfi, gobe ka koma? Leda da gwangwani su ne 'yan dabarun da muke rufe zunubi da su don kada a gani a coci. Makaniken shi ne Ubangiji Yesu. Ba faci yake yi ba. Yakan share ɗan adalcin da muke taƙama da shi, ya sa nasa, har wurin da ya lalace ya zama shi ne mafi ƙarfi a jikinka.

Kuma ku tuna, ba ku kaɗai ne a kan babur ba. Akwai waɗanda kuka goya, iyaye da 'ya'ya, gangare kuwa yana gaba. 'Yan'uwa, kun murɗa ya isa. Ku ajiye sifana, ku tura babur wurin mai gyara.