Allura a Haƙoran Zarto

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin kogi, tun zamanin da babu gada sai jirgin fito. Ba zan faɗi sunan garin ba, don kada wani ya miƙe a nan ya ce kakansa ne. Sunansa Tunau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko sarautar unguwa ba shi da ita. Sana'arsa gyaran haƙoran zarto. Na ga wasu suna murmushi. Ku yi murmushinku, amma ku saurara, don ni duk sanda na tuna mutumin nan sai alfahari ya kama ni, in ce ashe ƙasar nan ta haifi maza.

Zarto dai, in kun duba bakinsa da kyau, haƙoransa ba a miƙe suke ba. Wannan ya ɗan karkata dama, na bayansa ya karkata hagu, haka har ƙarshe. Karkatar nan ita ke buɗa wa zarto hanya a cikin itace. In babu ita, zarto ya maƙale. In kuma ta fi yawa a gefe guda, to zarto can zai riƙa janyewa, ko wa ke riƙe da shi, ko da yana da ƙarfin bijimi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A da, da 'yar guduma ake wannan aiki, haƙori bayan haƙori. Shi Tunau a kudu ya yi ƙuruciyarsa wurin masu katako, da zai dawo gida ubangidansa ya sallame shi da wani tsohon inji. Ƙarfe ne da ake ɗaurewa a jikin benci, da hannu da ake juyawa. In ka zura zarto ka juya, sai wasu 'yan yatsun ƙarfe guda biyu su riƙa tura haƙora, wannan dama, wannan hagu, ƙas, ƙas, ƙas. Ranar da ya kafa shi a rumfarsa, gari ya tashi kallo. Daga nan injin ya zama abin tutiyar mutanen garin. In sun je cin kasuwar wani gari sai ka ji suna cewa, “Mu fa zartonmu inji ke gyarawa, inji kuwa ba ya kuskure.” Tunau yakan ce musu, “Allah kaɗai ne ba ya kuskure.” Amma kun san ɗan Adam da yabo. Yau a faɗa, gobe a faɗa, har shi ma ya daina duba aikin injin in ya gama.

To, a garin akwai wasu masu tsaga katako su biyu, Arzika da Cindo, sun daɗe tare. Yaran yanzu ba su san yadda ake aikin ba. Rami ake haƙawa, a gitta gungume a kai, a shafa wa zare gawayi a buga layi sama da ƙasa. Mutum ɗaya ya hau kan gungumen, ɗaya ya shiga ramin, su kama dogon zarto suna ja. Arzika shi ne na sama, yana cikin haske yana shan iska. Cindo shi ne na rami. Duk garin katakon da zarto ya tofar, a fuskarsa yake sauka. Dattijo ne marar magana, idanunsa kullum jajur. Ba shi da gona, ramin nan shi ne gonarsa, da shi yake ciyar da gida cike da baki.

Wata shekara jirgin fiton garin ya tsufa, yana shan ruwa, ga damina ta matso. Sarkin jirgi ya tara samari suka shiga daji, suka sha wuya suka jawo wani ƙaton gungumen maɗaci har bakin kogi. Aka kira Arzika da Cindo. Suka kai zartonsu wurin Tunau ya bi da shi ta inji, suka kama aiki.

Katakon farko ya fito, wannan baki da kauri, wancan baki siriri kamar harshen wuƙa. Suka ce bari a sake. Na biyu ma haka. Sarkin jirgi ya zo ya ga maɗacinsa na lalacewa, ransa ya ɓaci.

Ku saurara, jama'a. A wannan sana'a akwai wata al'ada: in yanka ya karkace, ba a bincike, na rami ake dubawa. Na sama ai yana ganin layi, inji kuwa ba ya kuskure, to saura wa? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Arzika ya leƙa ramin ya ce, “Cindo, na daɗe ina rufa maka asiri. Idonka ya tafi. Ba ka ganin layin.”

Abin da ya fi ba ni tausayi, shi kansa Cindo ya yarda. Ya fito daga ramin, ya share fuska da gefen riga, ya ce, “Ƙila haka ne. Shekaru sun ja.” Sarkin jirgi ya ce gobe a samo wani ya shiga ramin. Cindo ya saɓa rigarsa ya nufi gida. Kowa a wurin ya san abin da hakan ke nufi, don babu mai sake ɗaukar na ramin da aka ce idonsa ya mutu.

Da la'asar Arzika ya kawo zarton rumfar Tunau, ya ce, “A sake bi da shi, gobe da sabon mutum zan fara.” Ya ba shi labarin abin da ya faru, ya tafi. Tunau ya ɗaga zarton, ya kanne ido ɗaya ya bi bakinsa da kallo. Sai ya ga kamar karkatar haƙoran ba ta zo daidai ba. Ya leƙa cikin gida ya kira matarsa, Tasalla, ya ce ta ara masa allurarta.

Akwai wani gwaji da ubangidansa ya koya masa, wanda ya watsar tun da yabo ya yi yawa. Za ka juya zarto haƙora su kalli sama, ka ɗan karkata shi, ka ɗora allura a kwarin da ke tsakanin haƙoran dama da na hagu. In karkatar ta zo daidai, allura za ta zame har ƙarshen zarto. In ba ta zo daidai ba, za ta faɗo. Tunau ya ɗora allura. Ta ɗan taɓa tafiya, ta faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya sake ɗorawa, ta sake faɗuwa. Ya juya kan injin, ya laluba, sai ga wani ɗan noti ya kwance. Yatsan dama ba ya tura haƙori yadda ya kamata, na hagu kuwa yana aikinsa. Zarton ne ke janyewa. Idon Cindo lafiyarsa lau.

Yanzu ku dubi inda jarrabawar take. Ɗaure notin nan bai kai shan ruwa wuya ba. Da ya ga dama, sai kawai ya ɗaure, ya sake bi da zarton, ya miƙa wa Arzika da safe. Sabon mutum ya shiga rami, katako ya fito sambal. Jirgi ya samu, Sarkin jirgi ya yi murna, inji na nan da sunansa. Ba wanda ya gani, ba wanda zai tambaya. Shaiɗan ya matso kusa da kunnensa ya ce, “Ai ba ƙarya za ka yi ba, gyara za ka yi. A bar kaza cikin gashinta.”

Amma Tunau ya gane abin da da yawa daga cikinmu ba ma son ganewa. In ya gyara a ɓoye, katakon gobe zai fito a miƙe, kuma miƙewar nan ita ce za ta zama shaida a kan Cindo har ya mutu. Kowa zai ce, “Ka gani ko? Da aka canza na rami ai ga shi nan.” Gyaran nasa shi zai binne dattijon.

Tasalla na tsaye a bakin ƙofa, ta ga komai. Ta ce, “Malam, in ka faɗa, wa zai sake kawo maka zarto?”

Ya ce, “Ban sani ba.”

Ta ce, “Sarkin jirgi ba zai ƙyale ka ba.”

Ya ce, “Na sani. Amma kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ni na ɗebo, Tasalla. Yaya za a yi bakin Baba Cindo ya ƙone?”

Ta ce, “To, tafi da allurar. Amma ka dawo min da abata, ita ke nan gare ni.” Allah ya ji ƙan mata irin Tasalla.

Da gari ya waye, Tunau ya kwance injin daga benci ya ɗora a ka, ya saɓa zarton yadda yake, bai taɓa ko haƙori ɗaya ba. Ya nufi bakin kogi. Ga Sarkin jirgi, ga samarin da suka jawo gungume, ga masu jiran fito cike da gaɓa. Arzika ya hango shi ya ce, “Ka gyara?”

Ya ce, “Ban gyara ba.”

Ya sauke injin, ya durƙusa gaban Sarkin jirgi ya ce, “Ranka ya daɗe, katakon da ya lalace jiya, ba Baba Cindo ya lalata shi ba. Ni ne.” Ya ɗaga zarton a gaban jama'a, ya ɗora allura, ta faɗi cikin yashi. Ya nuna musu notin da ya kwance. Ya ce, “Injina ne ya yi kuskure, ni kuma ban duba ba. Ko wa aka sa a ramin nan jiya, haka katakon zai fito.”

Sarkin jirgi ya ce, “Tunau, ka san abin da kake faɗa? Wa ya tambaye ka?”

Ya ce, “Ba wanda ya tambaye ni, ranka ya daɗe. Hukuncin da ka ga dama ka yanke mini. Roƙona ɗaya, a kira Baba Cindo ya koma raminsa.”

Aka aika gidan Cindo. Aka same shi zaune a zaure ya haɗa kai da gwiwa, da ƙyar ya yarda ya taso. Kafin ya iso, Tunau ya ɗaure notin a idon kowa, ya bi da zarton, ƙas, ƙas, ƙas. Ya ɗora allura, ta zame tun daga wannan baki har wancan. Da Cindo ya iso, ya tsaya a bakin ramin yana girgiza kai, ya ce, “Tunau, kada ka ɗauki laifi don tausayina. Ni na san ido ya yi rauni.”

Tunau ya ce, “Baba, shiga dai.”

Ya shiga. Arzika ya hau sama. Zarto ya kama kuka, garin katako na zuba. Jama'a suka zuba ido. Da katakon ya rabu da gungume aka kwantar da shi a kan yashi, sai ga shi a miƙe, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Cindo ya fito, ya tsuguna, ya bi shi da tafin hannu a hankali. Hawaye suka wanke garin katakon da ke fuskarsa. Ya ce, “Ashe idona na nan.”

Ya sake cewa, “Jama'a, ashe idona na nan.” Arzika ya sauko ya kama hannunsa yana neman gafara.

Kuna jira in ce Sarkin jirgi ya ba Tunau riga da doki ko? Bai ba shi ba. Cewa ya yi katakon da aka ɓata sai an cike gurbinsa, kuma Tunau ne zai shiga gaba wurin jan sabon gungume daga daji. Ya je ya ja, igiya ta sale masa kafaɗa, rumfarsa na rufe. Wasu suka kwashe zartonsu suka kai wa mai guduma a wani gari. In ya wuce majalisa, 'yan tsokana su ce, “Ina inji marar kuskure?” Ya yi dariya ya wuce. Bai yi arziki ba har ya koma ga Allah. Amma tun daga ranar, zarto bai ƙara fita rumfarsa ba sai ya ɗora allura a gaban mai shi. Cindo kuwa ya ci gaba da ciyar da gidansa daga ramin nan har ƙarfinsa ya ƙare, ba wanda ya sake ce masa makaho.

Wannan shi ne namiji, jama'a. Wannan shi ne mutumin da nake so 'ya'yanmu su ji sunansa. Ba yaƙi ya ci ba, ba masallaci ya gina ba. Allura ya ɗora a kan zarto a gaban mutane, ya san za ta faɗi, ya san da sunansa za ta faɗi.

Abin da nake so ku tafi da shi gida ke nan: in kuskurenka ya faɗa a kan wani, gyara a ɓoye ba tuba ba ne. Haƙƙin mutum ba ya sauka daga wuyanka sai ka wanke shi a inda aka ɓata shi. Kai makanike, da ka manta ba ka ɗaure abu ba, aka kori direba aka ce ganganci ya yi, kai kuma ka lallaɓa ka ɗaure ka yi shiru, da kai nake. Kai magini, da ginin ya tsage aka ce leburanka ne bai iya kwaɓi ba, alhali ka san abin da ka rage, da kai nake. Ke uwar gida, da kika ajiye abu kika manta, aka zargi 'yar aiki, daga baya kika gan shi a ƙarƙashin katifa kika ja bakinki, da ke nake. Ba ku yi ƙarya ba, na sani. Shiru kawai kuka yi. To shirun nan za a tambaye ku shi.

Kowannenmu akwai wanda ke ƙarƙashinsa a rami, ƙurar aikinsa na zuba masa a ido, kuma shi ake fara dubawa in abu ya karkace. Wani ma har ya yarda laifinsa ne, yana can zaune ya haɗa kai da gwiwa. Allah ya ba mu zuciya irin ta Tunau. In ka koma gida yau ka tarar notinka ne ya kwance, kada ka yi saurin ɗaurewa. Fara aikawa a kira Cindo.