Ranar da Teku ta Shiga Rijiyar Jatau

Wanda ya kashe rijiyar Jatau ya san kansa. Yana nan da ransa, yana sallah a sahun gaba, har durƙusa masa ake yi. Ba zan kama sunansa ba, bai kai ya shiga labari ɗaya da Jatau ba.

Tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, wani maharbi ya taso daga Zamfara cikin ayarin alhazai, shi da matarsa Tabawa. Jatau ke nan, kibiya ɗaya nama biyu, na Tabawa gagara daji! Shekara bakwai yana ciyar da ayari da bakansa, har suka iso bakin teku can arewa, inda ƙasa ta ƙare. Nan zazzaɓi ya kwantar da Tabawa, ayari ya ƙi jira. Jatau ya roƙi salkar ruwa ɗaya, madugu ya ce, "Ga teku nan, ku sha."

Kwana biyu ruwa na shimfiɗe a gabansu, ba na sha. Rana ta uku da hantsi sai ga barewa mai farin goshi. Jatau ya ɗana kibiya. Ba ta gudu ba, sai ta shiga tonon yashi da kofato, taku arba'in daga gaɓa, har ruwa ya ɓulɓulo, garai kamar na sama. Magabata sun ce ta yi magana: "Abin da hannu ya jawo naku ne. In kuka zarce, teku na ƙarƙashi tana jira."

Tabawa ta sha, ta tashi. Jatau ya gina rijiya, ya dafa bakinta ya rantse: "A garin nan baƙo zai fara sha, sannan ɗan gari."

Tabawa ta ce, "Maigida, sa masa iyaka. Guga ɗaya."

"Ke Tabawa, har kin manta madugu? Ni ba na auna wa mai ƙishi ruwa."

"Mai ƙishi daban, mai haɗama daban."

Bai ji ba. Namiji in ya rantse, kunnensa toshewa yake.

Gari ya kafu, aka kira shi Ruwan Jatau: masunta, masu dafa gishiri, alhazan da guzuri ya yanke musu. Ba mai cin barewa, ba mai riga baƙo shan ruwa. Zuriya bayan zuriya rijiya ba ta gaza ba, don damtse yana gajiya, guga kuwa guga ne.

Sai masu shan iska suka gano mu. Duk shekara zafi na sauka a manyan birane, sai su kwararo, wata uku cur, su baje a yashi kamar kifin shanya. Aka jera otal a gaɓa. Mutum ya zo teku takanas, amma wai sai an gina masa tafkin wanka a bayan ɗaki!

Mutumin nan da na ƙi kama sunansa ya je gaban dattawa ya zube. "Iyayena, ba Jatau ne ya ce baƙo ya fara sha ba? To, ga baƙi, a bari a sa wa rijiya injin jan ruwa."

Dattawa suka ji kunyar karya maganar kaka, suka ɗaga kai suka yarda. Inna Dudu kaɗai, tsatson Tabawa, ta ce, "Ɗan nan, injin naka hannu gare shi?"

Aka ce, "Haba Inna, maza na magana."

Inji ya yi shekara uku yana gurnani. A ta huɗu Inna Dudu ta ja guga, ta kurɓa, ta tofar: gishiri zalla. Ta rataye gugan ta koma gida.

Yau baƙi ruwan roba suke sha, su tsaya bakin rijiya su ɗau hoto da gunkin barewa na siminti. Wata uku na cika a rufe otal, gari ya yi tsit, matanmu su jera jarkoki suna jiran tankar ruwa.

Gugan na nan a rataye, rantsuwar ma ba a janye ba. Kai da kake ganin na cika baki, ai baƙo ne kai, kai za ka fara. Zo ka ja guga ɗaya. In ka haɗiye, ka kira ni maƙaryaci a tsakiyar kasuwa.