Alaga da Buhun Littattafan Anti Bisola

An yi wani mutum a Ibadan, wajen Molete. Ba zan kama sunansa ba, don jikokinsa suna nan suna girma. Shi ne shugaban ƙungiyar masu gidaje na layinsu, shi ya sa kowa yake ce masa Alaga, wato shugaba da Yarbanci. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya da tumbi da babbar murya. In ya fito da safe, mata tun daga nesa suke durƙusawa, samari su zube ƙasa. A gida kuwa maganarsa da matarsa Iya Wasiu, wato uwar ɗansu Wasiu, ba ta wuce ina abinci, ina hulata, wa ya taɓa mini rediyo.

A bakin layin akwai shagon gyaran gashi na wata mata mai suna Anti Bisola. Tana da kanta guda cike da littattafan soyayya na Turanci, masu zafin nan na zamani, da take sayowa gwanjo a kasuwar Dugbe. Mai jiran layi ta ɗauka ta rage lokaci, wadda aka saba da ita ta tafi da shi gida.

Wata rana Alaga yana wucewa ya ji shewa. Ya leƙa, sai ya ga an bar kitso a rabi, mata biyar sun haɗa kai a kan littafi ɗaya. A bangon littafin ga hoton wani ƙato, rigarsa a buɗe kamar telansa bai taɓa jin labarin maɓalli ba.

A take ya sa aka kwashe su duka, guda arba'in da uku, a buhun shinkafa. Anti Bisola ta durƙusa ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, su ne suke zaunar mini da mutane." Ya ce ranar taron ƙarshen wata zai ƙone su a gaban jama'a, kuma in ta sake magana zai sa mai gidan ya karɓe shagonsa. Aka kai buhun ofishin ƙungiya. Mabuɗin yana aljihunsa.

Kashegari bayan azahar ya shiga ya rufe ƙofa. Ya ce wa kansa, mai hukunci ai sai ya san girman laifi. Ya 'yan uwa, kun taɓa ganin Shaiɗan ya zo wa dattijo da ƙaho? Da sunan bincike yake zuwa.

Ya zaci tun shafin farko zai ci karo da ɓarna. Sai ya tarar da labarin wata Yemisi mai gidan burodi, injin wutarta ya lalace, aka kawo wani injiniya Dapo, suka yi faɗa tun ranar farko. Shafi sittin ba wanda ya taɓa hannun wani. Sai kallo, sai ɗauke kai, sai ya kawo mata maganin mura ya ce hanya ce ta biyo da shi. Alaga ya ji haushi. Shi kaɗai a ɗaki ya ce, "Wannan Dapo wane irin sakarai ne? Ka faɗa mata mana."

A shafi na ɗari da goma sha biyu ruwan sama ya tsare su a gidan burodin, Dapo ya sa yatsa ya share mata gari a kumatu, babi ya ƙare. Alaga ya cire hula yana fifita da ita. Abin da ya faru a babi na gaba ba na wannan wuri ba ne, ba zan faɗa ba, kuma ku da kuka ɗago kai yanzu duk na gan ku.

To ku fahimci ƙugiyar. Masu rubuta waɗannan littattafai sun san jan rai. Wurin zafin bai fi shafi uku ba, amma sai an sa ka yi tafiyar shafi ɗari da ƙishirwa kafin ka kai. Mutumin ciki kuma yana sauraro, yana tuna abin da mace ta faɗa tun makon jiya. Ka san a ƙarshe za a daidaita, duk haka suke ƙarewa, amma ba ka iya ajiyewa.

Sai ga musiba. Da ya zo ƙarshen labarin Yemisi ya tarar an yage shafuka huɗu na ƙarshe. Ya zazzage buhun, ya duba littafi bayan littafi, babu. Don ya huce ya ɗauki wani, daga shi ya ɗauki wani. La'asar ta soma wuce shi. Amala ta yi ta sandarewa a kwano. In an ƙwanƙwasa ƙofa sai ya yi gyaran murya ya ce yana duba takardun ƙungiya.

Ƙarshen wata ya zo, ya ce akwai hadari, wuta ba za ta ci ba. Wata na biyu ya ce ƙafarsa tana ciwo. A na uku mataimakinsa Baba Ganiyu ya ce Asabar ɗin nan za a ƙone ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Alaga ya dubi littattafan ya ji ba zai iya ba. Ya ɓoye su a bayan kabad, ya cika buhun da tsofaffin jaridu, ya ɗora guda uku da ba su yi masa daɗi ba a sama.

Ranar Asabar da hantsi layi ya cika. Ga buhu, ga kananzir. Alaga ya tashi da lasifika a hannu ya yi ta zuba, yana cewa littattafan nan guba ne, duk mai karanta su ba shi da kunya. Sai wata tela mai suna Mulika, ƙawar Anti Bisola, ta durƙusa ta ce, "Baba, wallahi wasu ba komai a ciki. Kamar na Yemisi mai burodi, har littafin ya ƙare Dapo ko hannunta bai riƙe ba."

Alaga ya ce, "Ƙarya kike yi. Ranar ruwan saman fa? Wa ya ɗora ta kan teburin kwaɓa?"

Duk idanu suka dawo kansa. Baba Ganiyu ya cire tabarau ya dube shi.

Anti Bisola ta ce a hankali, "Ashe Baba kun yi nisa."

Ya 'yan uwa, ko a nan da ya ja bakinsa da sauran gyara. Amma wata uku abu ɗaya yana cinsa, ga kuma waɗanda suka san amsa a gabansa. Ya sauke murya, ya manta lasifika tana hannunsa, ya ce, "Ƙarshen a yage yake. Ya aure ta kuwa?"

Daga cikin mata wata murya ta ce, "Ya aure ta." Iya Wasiu ce. Ta ce, "Ni na yage, Baba Wasiu, tun bara. Suna cikin akwatina. Wurin da ya zaunar da ita ya ce ta huta, yau shi zai yi girki. In na gaji nakan ɗauko in karanta. Shekara talatin da ɗaya ina gidanka. Ka shanye littafi arba'in, ko sannu da aiki ba ka koyo ba."

Baba Ganiyu ya zazzage buhun, jaridu suka zubo. A nan take aka karɓe mabuɗin, aka sauke shi, aka sa ya kwaso littattafan da hannunsa ya kai shago mata suna biye da shi suna tambayarsa wanne ya fi daɗi. Ranar Litinin Iya Wasiu ta hau mota ta tafi wurin 'yarta a Abeokuta. Ya aika dattawa sau biyu, ta ce tana hutawa. Yau in ya fito ba mai durƙusawa. Masu babur sai su rage gudu su ce, "Baba Dapo, ya ruwan sama?"

Ban tsaya nan don in wanke littattafan ba. Akwai shafukan da mai kunya zai tsallake, ko ya bar littafin gaba ɗaya. Amma ba takarda ce ta rusa mutumin nan ba. Ya hana mutane abin da yake yi a ɓoye, ya nemi raba baiwar Allah da sana'arta don a ce shi tsarkakke ne, ya bar salla don Yemisi da ba ta taɓa rayuwa ba, ya bar mace mai rai a gidansa tana neman kalma mai daɗi a yagaggen shafi. Wa a cikinmu yau ya tambayi matarsa ko ta ci abinci?

Allah ya daidaita ɓoyenmu da bayyanenmu. Ya sanya tausayi a harshenmu a cikin gidajenmu, kada ya tona mu a gaban waɗanda muka raina. Allah ya kiyaye mu, amin.