Ranar Da Haifa Ta Kira Uwarta Maƙwabciya

Akwai wata budurwa a unguwar Hindawiyya da ke Jidda, sunanta Haifa. A nan aka haife ta, Larabci a bakinta kamar ruwa, tana aikin karɓar baƙi a wani asibitin haƙori. Yarinya ce mai hankali, wannan ba musu. Ciwonta ɗaya ne, kunyar nuna mahaifiyarta take ji a gaban abokan aiki.

Mahaifiyar tata, Hajiya Latifatu, ta shekara arba'in a Jidda, amma Larabcinta bai wuce na cefane ba. Duk inda za ta, da tabarmarta take tafiya, da filas ɗin shayi, kuma Hausarta da ƙarfi take yi ko a gaban wa.

Wata Juma'a a tsakiyar zafi aka shirya kiɗa da wasan wuta a wani lambun shaƙatawa da ke bakin teku, wajen Ruwais. Mashael, shugabar su Haifa a wurin aiki, ta ce duk su haɗu a can. Haifa kuwa ta daɗe tana so Mashael ta ɗauke ta 'yar gayu irinta.

Da Hajiya ta ji labari sai ta ce da ita za a je.

"Ummi, akwai zafi fa, ga cunkoso," in ji Haifa.

"Zafin Jidda ne yau zai ba ni tsoro? Yalla, ɗauko min tabarma."

Suka isa dab da magariba. Wuri ya yi kyau, iskar teku na kaɗawa, yara na ta guje-guje a kan ciyawa, kowane gida ya baje shimfiɗarsa. Haifa ta ja mahaifiyarta can baya, gindin wani dabino, ta ce nan ya fi sanyi. Hajiya ba ta kawo komai a ranta ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta miƙe ƙafa, ta buɗe kwanon dambu tana ta murna.

Ba a jima ba sai ga Mashael riƙe da hannun wata tsohuwa. Kakarta ce, Hajiya Zakiya, wadda yaƙi ya koro daga Sudan 'yan watanni da suka wuce. Haifa ta ruga ta tarye su, suka nufi kujerun gaba. Suna cikin tafiya sai muryar Hajiya Latifatu ta taso daga gindin dabino.

"Haifa! Zo ki ɗebi dambun nan ki kai wa ƙawayenki!"

Mashael ta waiga, ta tambaya da Larabci ko wace ce.

"Maƙwabciyarmu ce," in ji Haifa. "Rage mata hanya na yi."

Larabcin Hajiya Latifatu kaɗan ne, amma wannan kalmar ta san ta sarai. Ta mayar da murfin kwanon ta rufe. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Aka yi sallah, makaɗa suka hau dandamali. Gaskiya sun yi kiɗa mai daɗi, mutane na tafi, tsofaffi na gyaɗa kai. Haifa na cikin masu tafin, amma jefi-jefi sai ta saci kallon gindin dabino. Zuciyarta ba ta bar ta ta ji daɗin kujerar gaban ba.

Bayan isha'i aka kashe fitilu, aka harba wutar farko. Ƙara ta tashi, sama ta yi ja, jama'a suka ɗauki sowa.

Sai Hajiya Zakiya ta zabura a firgice.

"Sun dawo! Ku kwanta! Ina yaran? Ku kwanta ƙasa!"

Da Hausa take ihun, Hausa tsantsa. Haifa ta saki baki. Ashe kakar shugabar tata Bahaushiya ce.

Mashael na ta lallashinta da Larabci, amma firgita ta toshe wa tsohuwar kunne. Ta fizge hannunta ta yi baya tana tuntuɓe da shimfiɗun mutane, su Haifa na biye da ita. Hajiya Latifatu ce ta miƙe ta tare ta. Ta rungume ta, ta zaunar da ita a kan tabarma, ta lulluɓe su biyu da mayafinta.

"Yaya, ki nutsu, nan Jidda ce. Ba wanda ya dawo. Wasa ne, wallahi wasan yara ne. Ji yadda suke dariya."

Ta toshe mata kunnuwa da tafin hannu, duk wutar da za a harba sai ta riga ta gaya mata. "Ga wata nan za ta fashe, kada ki ji tsoro. Yauwa, koriya ce. Leƙa ki gani."

A hankali tsohuwar ta leƙo. Kafin a harba ta goma tana riƙe da kofin shayi, har tana cewa shuɗiyar ta fi kyau.

Mashael ta durƙusa ta sumbaci kan Hajiya Latifatu tana hawaye. Ta haɗa 'yar Hausar da take da ita da ƙyar.

"Khala, gwaggona, na gode. Ni ina ji, amma bakina ba ya iyawa. Tun da kakata Habboba ta zo ba ta samu mai yi mata magana haka ba." Ta juya wajen Haifa, ta koma Larabci. "Maƙwabciyar nan taku, mashallah. 'Ya'yanta sun yi sa'a."

Hajiya Latifatu ta sunkuyar da kai tana zuba shayi. Ba za ta tona wa 'yarta asiri ba, Haifa ma ta san haka. Shirun nan ya fi zagi zafi a wurin Haifa.

"Ba maƙwabciya ba ce," in ji Haifa. "Uwata ce, ita ta haife ni. Ƙarya na yi miki ɗazu."

Ta cire takalmi ta durƙusa a bakin tabarmar.

"Ummi, ki yafe min."

Hajiya Latifatu ta dube ta, ta matsa ta yi mata wuri.

"Halas, ya wuce. Zauna ki yi kallo, ke kin tsare mana sama."

Haka su huɗu suka ƙarasa kallon a gindin dabino, hannu huɗu a kwano ɗaya.

Darasi: Kada ka ji kunyar nuna iyayenka don harshensu ko shigarsu. Abin da kake ɓoyewa a wurinsu, wani da kuka yake neman irinsa. In naka suna raye, ka nuna su ga kowa da alfahari tun kana da dama. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ya ajiye tasa uwar can baya.