Yadda Bushiya Ta Liƙe Bakin Majalisa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Ranar da Bushiya ta fara haɗuwa da Damo, ba fuskarsa ta fara gani ba, muryarsa ta fara ji. Dalili kuwa, kanta yana cikin rumbun jama'a, ƙafafunta suna waje suna wutsil-wutsil. Wata 'yar kafa ta samu a gindin rumbun, ta cusa kai, ta ci gyaɗa, ta ci, ta ci. Da ta zo ja da baya, ƙayarta ta maƙale.

Rumbun nan na dabbobin dawa ne gaba ɗaya. In kaka ta yi, kowa ya zuba gero da gyaɗa, ƙudan zuma su kawo tuluna, a ajiye saboda bazara, lokacin da abinci ke yankewa. Damo shi ne mai gadi.

Ya tsaya ya dubi ƙafafun nan, ya ce, "Salamu alaikum, baiwar Allah. Shiga kike ko fita?"

Daga ciki ta ce, "Dubawa nake ko gara ta shiga."

"To, ta shiga?"

"Babu ko ɗaya. Na duba har da baki."

Bai yi ihu ba, bai kira kowa ba. Ya sa hannu ya riƙa kwantar da ƙayarta ɗaya bayan ɗaya har ta fito. Ƙaya uku suka soke shi, bai fasa ba. Ya kwance ƙullin gyaɗarsa, ya zuba rabi a rumbu maimakon wadda ta ci, ya miƙa mata sauran, ya ce, "Gobe in yunwa ta kama ki, ki zo ta ƙofa."

Tun daga nan, kowace ranar kasuwa sai ya zo da ƙullin gyaɗa ya ce, "Bushiya, in turo magabatana?"

Ta ce, "Bari dai a yi kaka."

In kaka ta yi, ta ce, "Bari dai ruwa ya sauka."

Tana son sa, ku sani. In ya juya zai tafi, takan bi shi da kallo har jelarsa ta ɓace cikin ciyawa. Baki ne kawai ya ƙi faɗa.

To, dawa tana da majalisa, a gindin wata tsohuwar kuka. Giwa ce Kakaki. An kife mata turmi a gaba, in ta buga taɓarya a kai, magana ta ƙare. Kunnuwanta kamar tabarma, amma tsufa ya toshe su. Al'adar majalisa kuwa, da murya ake ƙuri'a. Giwa ta ce, "Masu goyon baya su ce e! Masu adawa su ce a'a!" Ɓangaren da ta ji, shi ya ci.

Kura ta daɗe da gane wannan. Sai ta riƙe Jaki da dusa, ta tara 'yan kore masu faɗin maƙogwaro. Shekara bakwai Kurciya tana kawo ƙuduri ɗaya: a riƙa buɗe rumbu a idon kowa duk ranar kasuwa, kuma a daina ƙuri'a da ihu, mai ra'ayi ya miƙe tsaye a gan shi. Shekara bakwai Jaki yana ɗaga jela, ya sauke kunne, ya kwarara "A'a!" Giwa ta buga taɓarya, dum, kowa ya watse.

Wata rana da tsakar rana Kura ta aiki Damo ƙetaren rafi da saƙon majalisa. Bushiya ta zo nemansa, sai ta tarar da rumbu a buɗe, Kura tana ɗora wa Jaki buhuna da tulunan zuma.

Kura ta dube ta, ta washe baki. "Ƙanwata, me kika gani?"

Bushiya ta ce, "Na ga kamar..."

Kura ta ciko ƙwarya da gyaɗa, ta kwarara zuma a kai, ta ajiye mata. "Me kika gani?"

"Ranki ya daɗe, rana ta yi zafi, idona bai cika gani ba."

Ta ci, ta lashe ƙwarya. Bayan kwana uku aka sake aiken Damo, aka sake ciko ƙwarya, rana ta sake yin zafi. Haka, haka, har bazara ta shigo. Jama'a suka taru da kwanduna, aka buɗe rumbu, sai ƙura da ɓawon gyaɗa.

Dawa ta ɗauki kuka. Majalisa ta kafa kwamitin bincike. Shugabar kwamiti, Kura. Magatakarda, Jaki. Suka zauna kwana bakwai a kogon Kura, suka fito suna sheƙi, suka ce sun gano ɓarawo: mai gadi ne. Ranar Alhamis za a yi ƙuri'a a kori Damo daga dawa, ya ƙetare babban kogi, kada ya sake dawowa.

Ranar Talata ya zo wurin Bushiya hannu sake. Ya rame, haƙarƙarinsa a fili. Ya zauna nesa kaɗan, ya ce, "Yau ba zan tambaye ki ba. Wanda za a kora jibi ba ya neman aure. Sallama na zo yi."

Ya tashi ya tafi. Ta bi shi da kallo. In ta fito ta faɗi gaskiya, a ce ai da ita aka ci. Ko ta faɗa ma, wa zai ji ta a kan kukan Jaki? Ta dunƙule, ta warware, ta dunƙule, ta warware. Can sai ta miƙe, ta nufi kogon Kura.

"Ranki ya daɗe, akwai matsala. Ƙananan nan suna can bakin rafi suna gwajin murya. Kwaɗi sun gayyato dangi har daga fadama. Ga shi ɗazu na ji Onarabul Jaki yana tari."

Kura ta zabura. "Tari? Jaki, kana tari?"

Jaki ya gwada maƙogwaronsa, tsoro ya sa ya yi tari na gaske.

Bushiya ta ce, "Maganin abin zuma ne. Ita ke buɗe murya. A ba ni tulu guda in yi muku alewa, ku ci dab da ƙuri'a, muryarku ta kai har ƙetaren kogi."

Kura ta mirgino mata tulu. "Kada ki taɓa ko ɗigo."

"Ni? Ranki ya daɗe, ai ba na son zaƙi."

Ta bi itatuwan ƙaya ta ɓamɓaro ƙaro, mai danƙon nan da ake liƙe ƙwarya da shi. Ta dafa shi da zuma, ta zuba riɗi, ta tuƙa, ta tuƙa, har muciya ta tsaya cak a tukunya. Ta cura dunƙule-dunƙule ta jera a faifai. Sa'an nan ta biya wurin Kurciya ta ce, "Jibi ku zo duka, har mai muryar sauro."

Kurciya ta ce, "Shekara bakwai muna zuwa, 'yar'uwa."

"Ku zo ta takwas."

Ranar Alhamis gindin kuka ya cika. Giwa ta buga taɓarya, Kura ta miƙe da ƙyar, cikinta yana gaba tana biye.

"Mai girma Kakaki, cin amana ya yi yawa a dawan nan! Ni in na tuna halin da talaka ke ciki, ko abinci ba na iya ci." Ta yi gyatsa. "Wannan mai gadi ya cinye gero, ya cinye gyaɗa, zuma kuwa ko ɗigo bai bari ba. Rabon da in ga zuma da idona, tun kakar bara!"

Kurciya ta ɗaga fiffike. "Mai girma Kakaki, ina da tambaya. Damo da ko tulu ba ya iya ɗagawa, ina ya zuba rumbu guda? A dubi haƙarƙarinsa, a dubi cikin shugabar kwamiti."

Kura ta ce, "Kumburi ne! Baƙin cikin halin da dawa ke ciki ne ya kumbura ni."

Jaki ya miƙe. "Ina da gyara! A janye kalmar ciki, cin mutuncin kwamiti ne!"

Giwa ta kara kunne. "Me Kurciya ta ce?"

Jaki ya ce, "Ta ce ta janye!"

Wani tsohon kwaɗo ya yi tsalle gaba. "To, sawun kofato da muka gani a ƙofar rumbu fa? Damo yana da kofato?"

Jaki ya ce, "Aro ya yi!"

"Wurin wa?"

Kura ta yi maza ta ce, "Za mu kafa kwamiti ya binciki sawun. Ina ba da shawara Onarabul Jaki ya shugabance shi, tunda ya san kofato."

Giwa ta juya ga Damo. "Kai, kana da ta cewa?"

Damo ya ce, "Ban ci ba."

"Bai ce komai ba," in ji Giwa. "A sha ruwa, a dawo ƙuri'a."

Nan Bushiya ta fito da faifai, ta bi layin Kura tana rabawa. "A cika baki, a danna haƙori sosai, sai ta ratsa." Kura ta kwashi uku. Jaki ya kwashi biyar. 'Yan kore suka wawashe sauran. Dunƙule ɗaya ya rage a gefen faifai, ƙarami, yana ƙyalli, yana ƙamshi. Bushiya ta dube shi, ta kau da kai. Ta sake dubansa. Ta ce a ranta, "Bari dai in ji ko ta yi." Ta jefa a baki.

Dum! Giwa ta ce, "Masu goyon bayan a kori Damo, su ce e!"

Kura ta ja numfashi, ta ce, "Mmmm."

Jaki ya ɗaga jela, ya sauke kunne, ya kumbura kamar salka. Abin da ya fito ta hanci ya fito: "Fiii."

Giwa ta kara kunnen dama, ta kara na hagu. "Ban ji kowa ba. Masu adawa, su ce a'a!"

Jama'a, ku zo ku ji! Kwaɗi, gyare, ɓeraye, kurciyoyi, zabi, har sauro, suka haɗa baki: "A'aaa!" 'Ya'yan kuka suka yi ta kaɗawa a sama. Giwa ta ja da baya, ta dubi ƙasa, ta ce, "Ikon Allah! Ashe duk kuna nan?" Ta buga taɓarya. Dum! Damo ya zauna a dawa, ba kora.

Kurciya ba ta bari ƙura ta lafa ba. Ta karanto ƙudurinta na shekara bakwai. Masu goyon baya suka ce "Eee!" Masu adawa suka ce "Mmmm," Kura tana ta birgima tana jan muƙamuƙinta da ƙafa biyu. Dum!

Ana cikin guɗa sai Uwar Zuma, wakiliyar ƙudan zuma, ta sauko ta zagaya bakin Kura sau uku, ta shinshina. Ta tashi ta shiga har cikin kunnen Giwa ta ce, "Mai girma Kakaki, wannan zumarmu ce, ta furen ɗorawa, wadda muka kai rumbu. Wadda ba ta ga zuma ba tun bara, ga ta nan har a gemunta."

Giwa ta ce, "Duk mai liƙaƙƙen baki ya fito fili."

Ƙudan zuma suka bi ƙamshi suna fito da su ɗaya ɗaya. Suka fito da Kura, suka fito da Jaki, suka fito da 'yan kore. Sa'an nan suka yi cincirindo a kan wani ɗan dunƙulen ƙaya da ya ɓuya a bayan faifai.

"Ke kuma fa?" in ji Giwa.

Bushiya ta ce, "Mmmm."

Damo ya tashi. Ya tafi ya jiƙo tsamiya a ruwan ɗumi, ya durƙusa gabanta, ya riƙa shafa mata a baki a hankali, kamar ranar da ya kwantar mata da ƙaya. Can bakin ya buɗe, ɓas!

Ta ce, "Mai girma Kakaki, ni na dafa, don a ji muryar ƙanana ko sau ɗaya. Amma wace mace ce za ta dafa wa manya abu ta miƙa ba ta ɗanɗana ba? Ai rashin tarbiyya ne."

Matan majalisa suka kwashe da dariya suna cewa, "Gaskiyarta!" Giwa ta ɗaga taɓarya za ta sallame ta. Bushiya ta tsira ke nan. Sai ta dubi Damo, da haƙarƙarinsa, da ƙwaryar tsamiya a hannunsa.

Ta ce, "Da saura. Na ga lokacin da ake kwashewa. Aka ciko min ƙwarya, na ci, na yi shiru. Sauran kayan suna kogon Kura, bayan babban dutse."

Aka je aka tarar da su. Majalisa ta miƙe tsaye, sabuwar ƙuri'a ke nan, ta yanke cewa Kura da Jaki su mayar da kowane buhu a bayansu, baki a liƙe, ba tsamiya sai sun gama. Bushiya kuma ta kwaɓa laka ta toshe kafar gindin rumbu da hannunta.

Jama'a na shirin raba gero, sai ta matsa kusa da Damo, ta sunkuyar da kai, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ka turo."

Giwa ta ce, "Me ta ce? A majalisar nan, abin da ban ji ba bai faru ba."

Bushiya ta dubi hagu, ta dubi dama, ba wurin dunƙulewa. Ta hau kan turmin nan, ta ja numfashi irin na Jaki, ta ce, "Damo, ka turo magabatanka! Ba sai kaka ba, ba sai ruwa ya sauka ba, ranar kasuwan nan! Na yi alkawari zan aure ka, kuma daga yau ta ƙofa zan riƙa zuwa!"

Giwa ta ce, "Wannan kam na ji."

Ta jira Bushiya ta sauka, ta buga taɓarya. Dum!

Ƙurunƙus kan bushiya, da ƙayarta da komai. Ku kuma in kun girma kun shiga majalisa, aka miƙo muku alewa, ku fara yin ƙuri'a tukuna. Alewar kuwa ku kawo min, ni zan duba muku ko ta yi.