Yarinyar da Rana ke Ƙonawa

Akwai wani manomi a Bande mai suna Labaran, yana da ɗiya, Hanan. Tun tana goye, in rana ta taɓa ta sai fatarta ta tashi, idanunta su yi ta hawaye. Kafin ta yi wayo, ɗigo-ɗigo baƙaƙe sun cika mata fuska.

Aka rasa gane kan abin. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne. An sha jiƙo, an yi hayaƙi, shiru.

Uwarta Hasiya ta lura cewa a inuwa yarinyar ba ta kuka. Sai ta riƙa lulluɓe ta, tana tsare ta a ɗaki.

Wannan ya ɓata wa Alkasim, yayan Labaran, rai.

"Ɗiyar manomi ce ke gudun rana? Ku sake ta ta saba!"

"Yaya, ƙona ta take yi," in ji Hasiya.

Bai saurare ta ba. Ya ɗora Hanan a amalanke zuwa roron wake. Ta dawo fuska a kumbure, ido ba ya buɗuwa.

Iyayenta suka kai ta asibiti a Damagaram. Likita ta duba ta, ta ce: "A cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai zare mai tufka biyu, shi ke ɗauke da gadon iyaye. Kullum rana na ɓata zaren da ke cikin fata, har nawa da naku. Amma jiki yakan yanke inda ya ɓaci, ya dubi ɗaya tufkar ya sake saƙawa. Jikin Hanan ba ya wannan gyara. Daga ku biyu ta gado."

Labaran ya dafe kai. "Likita, mu lafiyarmu lau. Yaya muka ba ta ciwon da ba mu da shi?"

Ta sake bayani. Ya ƙara rikicewa.

"Babu maganin warkewa, sai kariya," in ji ta. "In ɓarnar ta taru, ciwon daji take zama. Wa ke lulluɓe ta?"

Hasiya ta sunkuyar da kai, tana jiran faɗa.

"Baiwar Allah, ke kika tsare ta. Ki ci gaba."

Da suka koma gida, Alkasim ya kwaso karan da ya tanada don dangarsa, ya kafa rumfa ta rufe tsakar gidan ƙaninsa.

"Hasiya, zancen zaren nan ban gane shi ba," ya ce. "Amma ni na ƙona yarinyar nan. Ki yafe mini."

Darasi: Rashin gane ciwon mutum ba hujja ba ce ta ƙaryata shi. Ku saurari mai jinya, ya fi ku lura. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wata uwar na can ana ganin laifinta.